Likita, a Ƙara Ɗaure Wayar Mana, Biki Ya Matso

Filin Tambayi Likitar Haƙori

Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki. Kusan dukkansu a kan wayar gyaran haƙora suke, kukan kowa kuma ɗaya ne: abin ya cika nawa, yaya za a yi ya yi sauri? Na tsamo huɗu daga ciki. Ta farkon za ta ci fili da yawa, sai ku yi haƙuri da ni, don in aka gane ta sauran ba su da wuya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. 'Yata shekararta 21. Haƙoranta na sama sun turo waje, aka cire mata ƙananan turame biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, aka sa mata waya. Yau wata bakwai ke nan. Likitanta ya ce da sauran shekara guda, ko ma fiye. To ga shi an sa ranar aurenta, saura wata biyar. Na roƙe shi ya riƙa ɗaure wayar da ƙarfi sosai, ko mu riƙa zuwa duk mako maimakon duk wata, ko da zan ƙara kuɗi, amma ya ƙi. Anya ba ja mana rai yake yi ba don mu yi ta biyan kuɗin zuwa? Daga wata uwa, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya. Bari in fara da wanke abokin aikina, ko da yake ban san ko wane ne ba. Wanda kuɗi ke gabansa, ai kina cewa za ki ƙara zai miƙo hannu, ya riƙa murɗa wa yarinya waya duk mako, tana hawaye ke kuma kina murna ana aiki. Tunda ya iya kallon idonki ya ce a'a, ki riƙe shi hannu bibbiyu.

Mutane da yawa, har da masu ilimin boko mai zurfi, gani suke haƙori kamar turke yake kafe a ƙasa, in an ƙara ƙarfin ja ya ƙara saurin tahowa. Ba haka Allah ya yi shi ba. Saiwar haƙori ba a manne take da ƙashin muƙamuƙi ba. Cikin ɗan gurbi take zaune, kuma tsakaninta da bangon gurbin akwai wani siririn tantani mai zare-zare da ke riƙe da ita ta ko'ina. Kaurinsa kusan rubu'in milimita ne, kamar ki haɗa fallen takarda biyu ko uku. Ki wanke hannu ki kama haƙorinki na gaba ki girgiza a hankali, za ki ji yana ɗan lilo kaɗan. To wannan tantanin ne kika ji. A cikinsa akwai 'yan jijiyoyin jini da suka fi gashi siranta, kuma duk maganarmu ta yau a wuyansu ta rataya.

Waya ba ta jan haƙori ya keta ƙashi. Iyakarta ta danna shi gefe guda, tantanin ya matse ta inda ake tura haƙorin, ya miƙe ta ɗaya gefen. Daga nan jiki ne ke karɓar aikin. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke wannan hidima, in ina yi wa yara bayani a kujerata nakan kira su 'yan rusau da magina. 'Yan rusau su ci ƙashin da ke gaban haƙori su buɗa masa hanya, magina su biyo baya suna cike gurbin da ya bari da sabon ƙashi. Dukansu ta hanyar jini suke samun abinci da iska, ta nan ne kuma ake turo ƙarin ma'aikata.

In dannawar mai taushi ce, jijiyoyin za su ƙuntata amma jini bai daina wucewa ba. Cikin kamar kwana biyu 'yan rusau sun hallara a jikin bangon, sun fara aiki, haƙori ya shiga tafiya a hankali ba tsayawa. In kuwa aka danna da ƙarfin tsiya, sai jijiyoyin su rufe ruf, wurin ya rasa jini, tantanin ya mutu a daidai nan. Kamar ki ce a rushe miki katanga da gaggawa ne, sai ki sa a kawo tifa a toshe lungun da leburori ke bi. Dole su zagaya ta bayan gida. Haka 'yan rusau ke yi, su taho daga cikin ɓargon ƙashi, su yi ta ƙwaƙule bangon ta baya har su huda. Wannan zagayen yakan ci mako ɗaya zuwa biyu, haƙori yana tsaye cik, yarinya kuma tana fama da ciwo. Rannan sai ya yi tsalle ɗaya ya faɗa ramin, in an sake ɗaurewa da ƙarfi ya sake cijewa. Ana shan wahala, tafiyar kuma ba ta ƙaru ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1904 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Carl Sandstedt, ya sa wa karnuka waya, daga baya ya duba ƙashinsu a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ya ga rushewar nan iri biyu da idonsa, ta gaba da ta zagaye. Wurin da jini ya yanke yakan yi sumul kamar gilashi, ba ƙwayar halitta ko ɗaya a ciki. A 1932 kuma Martin Schwarz na birnin Biyana ya kawo lissafi, ya ce kada dannawa ta wuce ƙarfin jinin da ke cikin waɗannan 'yan jijiyoyi, wato giram 20 zuwa 26 a kan kowace murabba'in santimita ta jikin saiwa. An yi ta gardama a kan lissafin nasa daga baya, amma tushen maganar yana nan daram.

Binciken da ya fi shafar 'yarki, Hajiya, shi ne na wasu likitoci biyu a Ostareliya, Storey da Smith, a 1952. Irin aikin da ake yi mata suka duba, wato an cire ƙaramin turmi ana jan fiƙa baya ta cike giɓin. Ki sani mu a cikin baki ba mu da bangon jingina, da haƙori ake jan haƙori. Manyan turame na baya su ne turken, saboda saiwoyinsu biyu ne ko uku, masu faɗi. Da suka ja da giram 150 zuwa 200, fiƙa ta tafi salin-alin, turame suka tsaya inda suke. Da suka kai ƙarfin giram 400 zuwa 600, sai reshe ya juye da mujiya: fiƙa ta cije, turame suka fara tahowa gaba. Ƙarfin da ya yi wa fiƙa yawa har ya shaƙe ta, su turame daidai wa daida ya yi musu. Mutanen da suka gwada a kansu kaɗan ne, amma duk mai wannan sana'a ya taɓa ganin hakan a bakin wani.

Ki duba abin da wannan ke nufi. An cire wa 'yarki lafiyayyun haƙora biyu don a samu filin da za a mayar da na gaba ciki. In aka ɗaure da ƙarfi kamar yadda kike so, turame ne za su cinye filin. Giɓi zai rufe kam, ki yi murna, amma haƙoran gaba suna nan a ture kamar da, ga haƙora biyu sun tafi a banza. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Giram-giram ɗin nan da nake ta kira ba ya shiga kai sai an ɗora a tafin hannu. Ledar fiya wata guda giram 500 ce, wannan shi ne ƙarfin da ya lalata aiki a wancan bincike. Ƙwan kazar gidan gona giram 50 zuwa 60 ne, kuma nauyin ƙwai ɗaya ya isa a karkatar da haƙorin gaba. In ana so haƙori ya tafi a tsaye, kai da saiwa tare, ana bukatar kamar giram 70 zuwa 120, ƙwai biyu ke nan. In kuwa cusa shi ciki za a yi, giram 10 zuwa 20 kacal, nauyin dunƙulen Maggi uku ko huɗu, domin duk ƙarfin a tsinin saiwa yake taruwa. Ina da wani ɗan ma'auni a aljihun teburina, tsawon biro, da ƙugiya a bakinsa. In na maƙala shi a jikin robar da ake jan haƙori da ita na ja, allurar ta nuna 150, nakan miƙa wa uwar yarinya ta ja da kanta. Ba wadda ba ta yi mamaki ba. Wata ta ce min, Likita, wannan ai ko zaren ɗinki ba zai tsinka ba. Na ce mata shi ya sa yake aiki.

Don kada in yi miki ƙarin gishiri, malaman fannin har yau ba su tsayar da lamba guda suka ce ita ce daidai ga kowa ba. A jami'ar Nijmegen ta ƙasar Holan, a 1996, an sa wa karnuka ƙarfi iri uku, kusan giram 50 da 100 da 200. Saurin tafiyar haƙoran bai bi yawan ƙarfin ba. Abin da ya fito fili shi ne wani kare haƙoransa masu sauri ne, wani masu nawa, kuma kowane kare gefensa na dama da na hagu kusan tafiya ɗaya suke yi ko da ƙarfin ya bambanta. A 2003 masanan wannan jami'a suka tattara binciken da aka yi a duniya a kan batun, suka ce babu hujjar da za a kafa lamba ɗaya da ita. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne, da zarar ƙarfi ya kai inda zai tayar da 'yan rusau, ƙari a kai ba ya sayen komai sai ciwo. Saurin na jikin mutum ne. Zafin nema ba ya kawo samu.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani sai a hoton ƙashi na asibiti. 'Yan rusau in suna share mataccen tantani ba sa bambance ƙashi da saiwa sosai, sukan gutsuri saiwar ma. Kusan duk wanda ya sa waya saiwoyinsa na gaba sukan ɗan rage tsawo, milimita ɗaya ko biyu, wannan ba ya cutarwa. Amma a birnin Sidni an gwada giram 25 da giram 225 a kan haƙoran da dama za a cire, da aka ciro su aka duba sai aka ga ramukan zaizaya sun fi yawa nesa ba kusa ba a waɗanda suka sha ƙarfi. Saiwar da ta gajarce ba ta sake tsirowa.

Batun zuwa duk mako kuwa, hutun mako huɗu zuwa shida da ake bayarwa lokacin gyara ne, a bar tantani ya warke magina su cim ma 'yan rusau. Kuma wayar zamani ba ta jiran likita. Ta farkon da ake sawa haɗin ƙarfen nikel da titaniyam ce, wanda aka gano a wani ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka wajejen 1960, wani likita a jami'ar Iowa, George Andreasen, ya shigo da shi aikin haƙori a farkon shekarun 1970. Ko yaya aka lanƙwasa ta, so take ta koma siffarta ta asali, tana tura haƙori da ƙarfi mai taushi makonni da yawa. 'Yarki tana barci tana aiki, tana ɗinkin anko tana aiki.

Yanzu mu yi lissafi. Haƙori yakan yi tafiyar kusan milimita ɗaya a wata. Faɗin ƙaramin turmin da aka cire kusan milimita bakwai ne. Watannin farko a jera haƙora da daidaita su suke tafiya, sannan a shiga rufe giɓi, sannan a miƙar da saiwoyi a gyara yadda sama da ƙasa ke haɗuwa. Shekarar da likitanku ya faɗa, ni ban ga ha'inci a ciki ba.

To bikin fa? Ki koma wurinsa da wata roƙon daban. Ana iya cire waya da 'yan ƙarafan da aka manna a haƙoran gaba don riƙe ta ana saura kwana kaɗan, a ba ta farar robar riƙo ta riƙa sawa da dare, bayan an watse a mayar. Akwai ɗan kuɗi a kai, kuma zai iya ƙara mako kaɗan a kan wa'adin, amma hoto zai fita yadda kike so. Na kuma ga amaren da suka ce a bar musu abarsu, suka yi kamu da dina da waya a baki, ba wanda ya fasa yi musu liƙi. Ki tambayi ita mai bakin tukuna, wataƙila damuwar taki ce ba tata ba.

In da gaske ana son rage watanni, ga inda suke ɓacewa: fashin ranar asibiti, ƙin sa roba, da ɓalle ƙarafa. Rake, aya, ƙashin kaza, busasshen kilishi, ƙanƙara, goro, duk su ke ɓalle su, kuma haƙorin da ƙarfensa ya ɓalle ya fita daga layi, sai an koma baya an ɗauko shi. Za ki iya jin labarin wata na'ura da ake ciza tana girgiza haƙora wai don sauri. An gwada ta a Ingila a 2015, ba a ga ta ƙara komai ba, kada ki ba da kuɗinki. Akwai ƙaramar tiyata da ake tsattsaga ƙashin gefen haƙora, ita kam tana ƙara sauri, amma na 'yan watanni ne, kuma ni ba zan sa wa amarya wuƙa a dasashi saboda ranar biki ba.

TAMBAYA: Likita, ni ɗalibi ne. An ba ni 'yan robobin da ake maƙalawa daga haƙoran sama zuwa na ƙasa, aka ce in sa dare da rana. Gaskiya kunya nake ji a aji, don in na buɗe baki ana gani. Sai na yanke shawarar in riƙa sa bibbiyu ko uku-uku da dare kawai don in rama na rana. Wata uku ke nan, likita ya ce ba abin da ya motsa, ga ciwo kullum da safe. Me ke faruwa? Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: Ɗana, ka yi wa kanka lissafin bashi, jiki kuwa ba ya karɓar ramuwa. Abinci ne da za ka ƙi ci da rana ka ninka da dare? Ko shi ma ai ƙarshensa ciwon ciki.

A wannan aiki daɗewa ta fi ƙarfi muhimmanci nesa. Tauna tuwo da nama tana ɗora wa haƙori nauyin kilo da yawa, ninkin ba ninkin abin da roba ke yi, amma haƙoranka ba su gusa ba, saboda dannawar ta daƙiƙa ɗaya ce ta wuce. Sai dannawa ta ɗore kamar awa shida a yini kafin jiki ma ya fara ɗaukar ta da muhimmanci, kuma wannan bakin ƙofa ne kawai. Tafiya ta sosai sai an kusa cika yini da kwana. Shi ya sa masu sa farar robar nan mai garai-garai da ake cirewa ake ce musu awa 20 zuwa 22 kullum, ba a cirewa sai cin abinci da goge baki.

Kai kuma abin da kake yi, da dare ka shaƙe tantanin da roba uku, jini ya yanke, ka tashi da ciwo. Da rana ka saki, zaruruwan su jawo haƙorin ya koma inda ya fito. Gaba da baya, gaba da baya, kamar mai girgiza turke. Haƙori zai yi laushi yana kaɗawa amma bai je ko'ina ba, kuma irin wannan jijjigar ba ta yi wa saiwa daɗi. Ƙari a kan haka, roba mai yawa takan jawo turmi ya ɗago daga gurbinsa, cizonka ya canza ta inda ba a nufa ba.

Ka koma roba ɗaya, girman da aka ba ka, dare da rana. Ka riƙa canza sabuwa kullum, ko sau biyu a yini in haka likitanka ya ce, domin roba in ta sha yawu ƙarfinta raguwa yake. Ka sa ledar a aljihun gaban riga don in ta tsinke a makaranta ka mayar nan take. Kwana uku na farko za ka ji jiki, daga nan ya lafa. Kuma ka gaya wa likitanka gaskiyar abin da ka yi, kada ya yi ta canza tsari yana zaton jikinka ne ya ƙi. Su 'yan ajin naku, mako guda za su yi suna kallo su gaji.

TAMBAYA: Anti Likita, ina da wushirya mai faɗi kuma ba na son ta. Na ga a TikTok ana zagaye haƙoran gaba biyu da ƙaramar robar kitso a kwana da ita, wai cikin sati biyu ta rufe. Na fara kwana huɗu ke nan, kuma ta ɗan ragu. In ci gaba? Daga wata budurwa, Gusau.

AMSA: Ƙanwata, ki ajiye mujallar nan ki je ki cire ta yanzu. In kin taɓa sa wata kika tashi da safe ba ki gan ta ba, kada ki ce haɗiye ta kika yi, ki je asibitin haƙori gobe ki faɗa musu.

Haƙoran gaba faɗinsu a baki yake, suna tsukewa zuwa wajen dasashi, saiwarsu kuma kamar karas take. Robar da aka zagaya musu ba abin da zai tare ta, gangarawa take yi inda ya fi siriri. Sai ta nutse ƙarƙashin dasashi, ta riƙa hawa saiwa a hankali tana yanke tantani da ƙashi. Na taɓa karɓar wata yarinya 'yar sakandare da haƙoranta biyu na gaba suka zazzago suna lilo, dasashi ya kumbura yana jini. Uwar ta rantse ba ta faɗi ba, ba a buge ta ba. Irin wannan roba ba ta fita a hoto, sai da muka buɗe dasashin muka same ta can sama ta naɗe saiwoyin biyu kamar zobe. Watanni ta yi a ciki. Ɗaya haƙorin bai tsira ba.

Raguwar da kika gani cikin kwana huɗu ba tafiya ba ce, kawunan ne suka karkata suka sunkuyo wa juna, saiwoyin suna nan a rabe. Ƙarfin robar kitso kuma ba wanda ya auna shi.

In kin dage sai an rufe, aiki ne mai sauƙi a hannun masu shi. Za a fara duba dalilin wushiryar, wani lokaci naman da ya haɗa leɓe da dasashi ne ya sauko tsakanin haƙoran, wani lokaci haƙoran ne ƙanana. Akan rufe da waya, ko a ƙara wa haƙoran faɗi da farin ciko a zama ɗaya. In da waya aka rufe, sai an manna siririyar waya ta baya ta zauna shekaru, don wushirya akwai son komawa gida. Amma ni da za ki ji tawa, iyayenmu ado suka ɗauke ta, har yau in ana zayyana kyan mace sai an ambace ta. Na sha samun masu zuwa su ce in buɗa musu ita, ina korar su.

TAMBAYA: Likita, shekarata 39, ni da ɗana mai shekara 13 aka sa mana waya rana ɗaya. Nasa sun jeru tuni, nawa kamar ba a taɓa ba. Kuma yanzu in an canza waya ba na jin ciwo sai na kwana biyu, ina ganin ba a ɗaure min sosai. Ina kuma shan ibufurofen kusan kullum saboda ciwon gwiwa. Daga wata malama, Maraɗi.

AMSA: Malama, ciwon kwana biyu shi ne daidai. Yakan fara 'yan awoyi bayan an canza waya, ya kai ƙarshen zafinsa wajen cikar kwana ɗaya, ya lafa kafin mako. Lafawarsa ba ta nufin waya ta daina aiki. Wanda ya yi mako biyu ba ya iya tauna burodi, shi ne zan ce ya koma a sassauta masa.

Gasa da ɗan shekara 13 kuwa, ki haƙura, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙashinsa yana kan girma, 'yan rusau da magina dama a bakin aiki suke. Naki ya riga ya ƙosa, ya fi tauri, ma'aikatan kuma sai an taso su daga barci, don haka farkon tafiyar manya yakan yi jinkiri, daga baya ya ɗan miƙe. Kuma mu manya sau da yawa ciwon dasashi ya riga ya ci wani abu daga ƙashin da ke riƙe da haƙora. Saiwar da rabinta kawai ke cikin ƙashi, ƙarfin da ya dace da ita ƙasa yake da na yaro. In likitarki tana lallaɓa ki, ta san abin da ta gani a hotonki.

Maganin gwiwar nan shi ya fi ɗaukar hankalina. Saƙon da ke kiran 'yan rusau wani sinadari ne da jiki ke fitarwa inda aka danna, ana ce masa furostagilandin, kuma ibufurofen da danginsa irin su dikulofenak aikinsu ke nan su hana fitarsa. A gwajin dabbobi an ga suna rage saurin haƙori. Ƙwaya ɗaya ko biyu ranar da aka canza waya ba abin damuwa ba ne, amma shan kullum na watanni wani abu ne daban, ga cikinki da ƙodarki ma abin dubawa ne. Farasitamol ba ya taɓa wannan aiki sosai, shi muka fi bayarwa don ciwon waya. Akwai kuma magungunan ƙarfafa ƙashi da ake ba mata masu zaizayar ƙashi, irin su alendironet, waɗanda kai tsaye 'yan rusau suke kwantarwa, suna kuma daɗewa a jiki shekaru.

Kada ki daina maganinki da kanki. Ki tattara duk abin da kike sha, har da na kemis da na gargajiya, ki zuba a leda ki kai wa likitar haƙorinki ranar zuwanki na gaba, ita kuma ta rubuta wa mai duba gwiwarki su ga ko akwai wanda za a musanya.